Koren Dutse da Maganar Babanka

Zuwa ga Maigidana na kan ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kifayen da ka zaɓa ka bar ni saboda su. Ni dai ban mutu ba tukuna, kada ka fara murna. Gwiwar hagu ce ke ta ƙorafi in na hau bene, ta dama kuma ta fara koyo a wurinta. Gwaggonka lafiya lau, ƙiba take ta yi tana cewa iska ce. Malamar asibitin da ke hawa na sama ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka, tunda ka san kunnena da waya ba sa shiri. Na ce kada ta karanta. Ta ce ko ta so ba za ta iya ba, wai rubutuna kamar kaza ta taka tawada.

Matan layinmu sun ishe ni da tambayar abin da jikana yake yi a tsakiyar teku. Na ce rijiya yake haƙawa. Suka ce a cikin ruwa? Na ce e, boko ne ya yi masa yawa. Ka aiko min da bayani da Hausar mutane, na gaji da kare ka.

To, ga abin da ya sa na nemo biro. Babanka ba shi da lafiya. Wando ya fara zame masa, idonsa ya koma launin gwaiduwar ƙwai. Ranar Litinin ma'aikatan gidan burodinsa suka same shi zaune a kan buhun fulawa ya dafe ciki, burodi na ƙonewa a tanda bai ko motsa ba. Mutumin da ke jin ƙauri tun daga bakin titi! Muka kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka cusa shi cikin injin nan mai kama da tandarsa. Likitan yaro ne, ko gemun kirki bai ajiye ba. Ya ja ni gefe, ya cire tabarau, ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Na ce ɗan nan, mayar da tabaranka ka sake dubawa. Bai yi dariya ba.

Na tambaye shi ko babanka zai kai dawowarka. Ya ce, "Kaka, da ni ne da tun jiya na kira yaron."

Ka taɓa ce min akwai ƙaramin jirgi da zai kawo muku kaya sau ɗaya a tsakiyar tafiyar, ya koma. Ka biyo shi. In ka ƙi, wallahi aure zan yi, mai gadin kantin magani ya daɗe yana gaishe ni har da rusunawa.

Matarka da ka yi wa yaji,
Kaka

*

Amaryata, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Na samu takardarki, na gode Allah da kike lafiya. Ni ma ƙalau, amai ya bar ni tun makon farko. Ki gaishe da gwiwoyin duka biyu, ki ce wa mai gadi ina nan zuwa da sanda.

Kaka, har na tsorata. Ina karanta maganar likita na aika wa Baba saƙo nan take. Ga amsarsa, yadda ya rubuto: "Gyambon ciki ne, sun ba ni magani. Ka yi aikinka, kada ka biye wa kakarka." Sai na tuna ina jami'a kin rubuto cewa kina kan gargara, na bar jarrabawa na taho a bayan motar kaya, na tarar da ke a tsaye kina faɗa da tela a kan hannun riga. Na tuna kuma shekarar da kika ce gobara ta cinye gidan, ashe labule ne. Wannan karon kin ƙware, har da cire tabarau. Na san kewata kike yi. Ni ma haka.

Ga bayanin matan layi. Ki ce musu duniya kamar ƙwai take: ɓawo a sama, gwaiduwa a can tsakiya, fari a tsakani. Farin nan shi ne mafi yawan jikin duniya, amma ba wanda ya san ainihin abin da aka haɗa shi da shi, don ɓawon ya rufe shi. Dutse ne mai zafi, yana motsi a hankali kamar ƙullin burodin Baba in ya kwana.

A ƙarƙashin jirginmu akwai jerin tsaunuka a gindin teku, da tsagi a tsakiyarsu, inda ɓawon yake rabewa biyu. Ta nan dutsen ciki yake tasowa. In ya taso sai wani sashe nasa ya narke ya tsiyaye ya zama sabon ɓawo. Abin da ya narke yana tafiya da yawancin sinadaran alminiyam da kalsiyam, sauran da ya rage kuma magnesiyam ya fi yawa a cikinsa. Kamar ganyen shayinki ne da kike tafasawa har sai ya daina ba da launi: in mutum ya duba ganyen zai gane sau nawa aka wahalar da shi. Aikina ke nan. In an ciro dutsen, ni ke niƙa ɗan gutsure in auna me ya saura a ciki.

A daidai wurin nan ɓawon ya yage, dutsen cikin ya matso kusa. Bututun haƙarmu yana sauka kullum. Farfesar da ke jagorantarmu ta ce in Allah ya yarda kwanan nan za mu taɓa shi. Ƙaramin jirgin zai zo mako mai zuwa da sabbin haƙoran haƙa. Zan ba su hotona su kawo miki, ki rage zafi.

Ki tilasta wa Baba ya sha maganin, kin san halinsa.

Mijinki na har abada

*

Kai Mai Duwatsu,

Ina gaishe ka, ina lafiya, gwaggonka lafiya. Na gama da wannan.

Ranar telan nan da gaske na ji kamar zan mutu, sauƙi ne ya zo min kafin ka iso, laifina ne? Amma bar wannan. An kwantar da babanka tun shekaranjiya. Gadonsa na bakin taga, tagar kuma bango take kallo. Sandar da ake rataya ruwan jiki tana da ƙafa guda mai kuka, duk inda ya ja ta sai ɗakin ya sani. Na gefensa wani tsohon direba ne mai rediyo, ba ya kashe ta ko allura ake yi masa.

Da malamar asibiti ta karanta min takardarka, ko mayafi ban gyara ba na tafi. Na same shi yana ƙoƙarin shan shayi, kofin na kaɗawa.

Na ce, "Kai ka aika wa yaron nan cewa gyambon ciki ne?"

Ya ce, "Inna, rage murya, akwai marasa lafiya."

Na ce, "Kai kuma fa, likita ne?"

Direban ya ƙyalƙyale da dariya har ya sarƙe. Babanka ya ajiye kofin. Ya ce, "Inna, tun yaron nan bai kai tsawon teburin murza ƙulli ba yake cika min aljihu da tsakuwa. Shekara nawa yana neman a ɗauke shi a jirgin nan ana mayar masa da takardunsa? In ya sauko yanzu wani za a ba kujerar. Ya zo ya yi min me? Ya tsaya yana kallona ina amai?"

Na ce, "E, shi zai yi. Ni na kalle ka kana amai tun kana zanin goyo, ga ni ban narke ba."

Ya juya wa bango fuska. Ya ce in na sake rubuta maka ba zai ƙara cin abin da na kawo ba. Na ce dama ci kake yi? Cokali biyu, na ukun a kwano.

Ka ji ni da kyau, angona. Bayanin ƙwanka ya shiga kaina, na ma faɗa wa matan layi, ɗaya ta ce to a bar ƙwan mana kada a fasa mana shi muna kansa. Dutsen nan ai tun farkon duniya yake can. Zai jira ka. Babanka kuwa hannunsa ya koma kamar tsinken tsintsiya, zoben azurfarsa ma gwaggonka ta cire ta ajiye don yana faɗuwa cikin bargo. Tsakanin ni da shi wani yana yi maka ƙarya, kuma wannan karon ba ni ba ce. Ka hau ƙaramin jirgin.

Kakarka

*

Amaryata,

Ina fatan kina lafiya, da Baba da Gwaggo. Ban san yaushe wannan za ta iso ki ba. Guguwa ta same mu, ta karya abin da ke kama saƙo a saman jirgi, yau kusan mako biyu ba mu ji daga kowa ba. Injiniyoyi na ta fama. Ina rubutawa in ajiye, ranar da aka gyara ta tafi. Tun kafin guguwar ma ban ga amsarki ba, na san dai fushi kike don na gano ki.

Ƙaramin jirgin ya zo da iska ta lafa, ya sauke kaya, ya juya da mai girkinmu da mai ya ƙona wa hannu. Da za su tashi Farfesa ta tare ni a bakin tsani ta ce, "Akwai gado ɗaya ba kowa. Ba ka ce kakarka ta rubuto maganar rashin lafiya ba?" Na ce mata kakata gwanar labari ce, in ta ba ki labarin zazzaɓi sai kin sayi likkafani. Muka yi dariya, na ɗaga musu hannu.

Kaka, mun same shi, dutsen cikin duniya! Ranar Alhamis da hantsi bututu ya fito, aka tsaga shi a kan tebur, cike da dutse. Na saman duk baƙi-baƙi ne, da santsi kamar sabulu, don ruwan teku ya shige shi ya canja shi. Amma can ƙasa sai ga ƙwayoyi kore shar kamar fasasshiyar kwalba. Wani dattijo da ya yi furfura a wannan aikin ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Ni na riƙe guntun a tafin hannuna, da nauyi fiye da girmansa, da sanyi, abin da rana ba ta taɓa gani ba.

Abin mamakin yana wurin awo. Mun zaci za mu same shi da sauran ƙarfinsa. Ina! Alminiyam ɗin kaɗan ne ƙwarai, kalsiyam ma haka. An tatse shi fiye da yadda tsagin nan shi kaɗai zai iya. Farfesa na zargin wani sashensa ya taɓa narkewa tun da daɗewa, kafin ma a buɗe wannan tekun, ya yi ta yawo a ciki a tatse har ya iso nan. Kuma taku kaɗan a ƙasa sai awon ya canja, a samu mai ɗan dama-dama. Ashe cikin duniya ba a dama shi ya haɗu ba, gudaji ne da shi. Ki faɗa wa Baba, shi da ke korar ma'aikaci a kan gudaji ɗaya a ƙulli.

Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Ki ce masa ya warke kafin in zo, akwai labari.

Naki

*

Jikana,

Muna gaishe ka. Ban ji daga gare ka ba, ban san ko takarduna na isa ba.

An mayar da babanka ƙaramin ɗaki shi kaɗai. Ba ya ci. Jiya bai gane gwaggonka ba sai da ta yi magana. Yana yawan barci. In ya farka yakan tambaya ko an kunna tanda, sau ɗaya kuma ya tambaya ko ka kai ƙasan.

Likita ya ce kwanaki ne.

In akwai hanya ka zo. In babu, ka nemi waya.

Kaka

*

Kaka,

An gyara abin kama saƙon yau da safe. Takardunki biyu suka shigo tare, tawa kuma ta fita kafin in iya tsayar da ita. Don Allah kada a karanta wa Baba wurin da na yi dariya.

Ta biyun na fara buɗewa. Da na ga ba zolaya ko ɗaya a ciki sai na san da gaske kike.

Na je wurin kyaftin. Ya buɗe taswira ya nuna min inda muke. Jirgi mai saukar ungulu ba ya kawowa nan, mansa ba zai kai ba. Ƙaramin jirgin ya yi nisa, kuma ba zai dawo ba. Ko da an ciro bututun yau an juya, sai mun fi mako kafin mu ga ƙasa. Farfesa ta ce za ta roƙi a juya ɗin. Kyaftin ya dube ni ya ce, "Ɗana, in na juya za ka same shi?" 

Ya ba ni wayar ofishinsa. Kina masallacin asibiti lokacin, in ji Gwaggo, amma ta ce kin shigo daga baya. Ta kara wa Baba wayar a kunne. Na yi sallama, na ce Baba ni ne. Ba abin da nake ji sai numfashi, da ƙarar wani abu kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Na nemi gafararsa. Daga nan maganar ta ƙare min, Kaka. Na rasa abin faɗa, sai na kama ba shi labarin dutse, kore ne, an tatse shi, gudaji ne da shi. Ubana na mutuwa ina yi masa lacca. Har layin ya yanke bai ce uffan ba.

Me ya sa ya yi min haka? Me ya sa na yarda da layi biyu nasa na ƙi shafi biyu naki? Gadon nan na ƙaramin jirgi ba kowa a kansa, da idona na gan shi.

Ki gaya min gaskiya ko ya ji ni.

Jikanki

*

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar babanka. Gwaggonka ta ce ta faɗa wa kyaftin ɗinku, to ka riga ka sani. Allah ya karɓi abinsa ranar Asabar da hantsi, washegarin wayarka. An kai shi bayan azahar. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, abin haushi. Ina ci, ina barci, gwiwar ma ta yi shiru kamar ta san ba lokacinta ba ne.

Mutane sun zo da yawa. Ma'aikatansa sun rufe gidan burodin, unguwa ta wayi gari ba ƙamshi, sai a lokacin wasu suka san an yi rashi. Direban nan mai rediyo ya sa an turo shi a keken marasa lafiya har ƙofar ɗakin da babanka ya cika, ya ce a yafe masa surutu. Mai gadin kantin magani ma ya zo, ya rusuna, na ce tashi malam, mijina na teku bai sake ni ba.

Ka tambaye ni ko ya ji ka. Zan faɗa maka abin da na gani, in ka ga dama ka tambayi gwaggonka, tana wurin, kuma ka san ita ko labarin haihuwarta ba ta iya ƙara wa gishiri.

Na shigo na tarar wayar na kunnensa. Ƙarar da ka ji sandar ruwan ce na ture da ƙafa. Idonsa a rufe. Da kake neman gafara bai motsa ba, ban ɓoye maka ba. Amma da muryarka ta canja, ka shiga maganar dutsenka, kana sauri kana haɗiye kalmomi yadda kake yi tun kana yaro in ka tsinto wani abu, sai hannunsa na dama ya fito daga bargo. Ya ɗora babban yatsa a kan katifa ya danna, ya ɗaga, ya sake dannawa. Ka san yadda yake yi wa ƙulli in yana son ya ji ko ya tashi. Haka ya yi ta yi har layin ya yanke. Da ya yanke ya bari. Ban san me ya ji ba, ni ba likita ba ce. Abin da na gani ke nan.

Maganar me ya sa, kada ka kashe kanka da ita. Ni ban yi ƙarya ba. Kai ka yarda da ubanka, ba a taɓa dukan yaro a kan haka ba. Shi kuma ya yi abin da ya ga dama, ya tafi bai tsaya an yi masa faɗa ba, halinsa ne tun yana ƙarami. Ina jin haushinsa, ina kuma nemansa. Da safe nakan ɗauko kofi biyu, sai na zuba na tuna.

Farfesarku ta aiko da gaisuwa, wai za a sauke maka aiki ka huta. Kada ka yarda. Ka zauna a ɗaki kana kallon ruwa, me zai fito daga ciki? Tunda an riga an biya wannan dutsen da tsada haka, ka tashi ka niƙa shi ka auna shi da kyau, kada ka bar wa wani ko gutsure.

Ranar da kuka sauka kada ka tsaya saya min tsaraba, kada kuma ka biya ta gidan burodin, ba ka shirya ganinsa ba tukuna. Ka taho nan kai tsaye. Ƙofar a buɗe take. Ka shigo har tsakar ɗaki da takalmanka, wannan karon ba zan ce komai ba.

Kakarka